Ƙofar Motar Modibbo

Ni ba mai yawan rantsuwa ba ne, ko da yake in kun tambayi Tabawa, matata, za ta ce muku da wallahi nake karya kumallo. Amma rantsuwar da ta kusa raba ni da sana'ata, Maikuɗi ne ya ja bakina na yi ta, kuma har yau ban gama huce masa ba.

Shekara ashirin da shida ke nan ina fesa wa motoci fenti a Gummi, a wata rumfar kwano bayan tasha. Yakubu Mai Fenti, kowa ya san wurin. Daga Anka ana kawo min mota, daga Bukkuyum ana kawowa, kuma abu guda ake yabona da shi: in na fesa ƙofa, ba ka gane wadda na fesa. Maikuɗi shi ne mai bugun mota da ke jikin rumfata. Shi ke miƙe lotsa, ni kuma in bi bayansa da fila mai cike rami da fenti in rufa masa asiri. Yana da wata tsohuwar mota ruwan azurfa da na taɓa fesa wa ƙofar direba shekara tara da suka wuce. Duk baƙon da ya zo yana ɗari-ɗari da aikina, wurinta Maikuɗi ke jan hannunsa ya ce ya nuna ƙofar da aka taɓa. Sai mutum ya zagaya, ya zagaya, ya ƙare da dariyar jin kunya. Motar nan ita ce shaidata a garin, na fi ji da ita a kan mai ita.

A ƙarshen daminar bara aka kawo motar Modibbo. Modibbo dattijon Bafulatani ne, mutumin Gwashi, wanda ya dawo bakin garinmu da zama shekarar da aka kore masa garke cikin yini ɗaya. 'Yan shanun da suka tsira ya sayar, ya sayi mota, babban ɗansa Faruk yana jigilar mutane da ita tsakanin ƙauyuka. Shi kuma dattijon yana yini a kara, wurin cinikin shanu, ranar kasuwa, don in gardama ta tashi kan saniya, ta wane ce ko ba ta wane ba ce, shi ake kira. An san shi da abu biyu, ido da kuma rashin ƙarya. Na san da na biyun. Na farkon ne na raina.

Amalanken shanu ne ya goge ƙofar baya ta hagu, daga hannun ƙofa har ƙasa. Ba wani babban rauni ba ne, Maikuɗi ya miƙe ta kafin azahar. Launin ne abin dubawa. Ba fari ba ne, ba ruwan ƙasa ba, ba kuma ruwan zinare sosai ba, wani abu ne a tsakaninsu kamar ƙosasshen karan gero, kuma fenti ne mai ƙyalli. Irin wannan fentin akwai ɓarɓashin ƙarfe a cikinsa, ƙanana ƙwarai, su ne ke kama hasken rana su mayar. Masu koyo suna tsoronsa. Ni kuwa na fesa irinsa ya fi a ƙirga.

Muna tsaye, akwai direbobi kusan shida da suka fake a inuwar rumfata, sai Maikuɗi ya fara. Wai in yi hankali, idon Modibbo ba irin na mutanen gari ba ne. Wai mutumin da ke bambance tagwayen maruƙa daga nesa ba za a rufe shi da sheƙi ba. Direbobi suka yi dariya. Na ce mota ba saniya ba ce. Ya ce shi dai ya faɗa. Na ce ya riƙe faɗarsa. Ya sake cewa wani abu da ban ma tuna ba, zuciya ta ɗebe ni, na ɗaga bindigar fesa sama kamar mai shirin yaƙi.

"Wallahi, in na hesa ƙohwag ga sau ukku ba ta hau ba, na aje bindiga ke nan. Ban ƙara hesa ma kowa mota."

Modibbo, wanda tun zuwansa bai ce komai ba ban da gaisuwa, ya dube ni ya ce da ban rantse ba. Na ce ai an riga an yi. Ya gyaɗa kai, ya saɓa sandarsa, ya tafi a ƙasa.

Na yi komai yadda ya kamata, wannan kam ba wanda zai ƙaryata ni. Na kwance murfin tankin man motar na sa a aljihu don gwada launi, na hau mota zuwa Gusau wurin mai haɗa min fenti, ta hanyar Anka da kowa ke bi da addu'a a baki. Na tsaya a kansa yana ɗiga wannan yana ɗiga wancan, muka shafa a ƙarfe, muka fita rana muka kara da murfin, har sai da na ce ya isa. Na dawo na kwance ƙofar daga jikin mota, na kwantar da ita a kan duro biyu, yadda maigidana marigayi Dikko ya koya min a Anka tun ban fara aske gemu ba. Dalilinsa mai kyau ne. Ƙofa in tana kwance fenti ba ya zuba, ba ya yin hawaye, yana shimfiɗuwa sumul. Duron nan biyu sun fi wasu 'ya'yana daɗewa a wurina.

Na goge, na yi shafin ƙasa, na sake gogewa, na fesa, na rufe da man sheƙi. Da ta bushe muka mayar da ita. Na ja da baya da tsakar rana na duba, na kira Maikuɗi ya duba. Shi kansa ya ce babu magana. Na aika wa Modibbo ya zo ya ɗauki motarsa, ya aiko cewa sai da safe.

Da safen ya zo, rana ta ɗan leƙo ta saman katangar tasha. Duk mai mota da na sani, gaban ƙofa yake tsayawa ya dube ta ido da ido, ya shafa, ya ce madalla. Modibbo bai ko kalli inda muke nuna masa ba. Ya wuce bayan mota, ya tsaya ta wajen fitila, ya tattare riga ya tsuguna, ya tura malafa baya, ya bi gefen motar da ido daga baya zuwa gaba. Bai daɗe ba.

"Ta yi duhu, Yakubu."

Na ce ina duhun? Ya ce ga shi nan. Na tsaya gaban ƙofa na ce ya zo ya nuna min da yatsa. Ya ce daga nan ba a ganinsa, in zo in tsuguna inda yake. Nan fa raina ya ɓaci. Ni, da furfurata, in tsuguna a gindin mota kamar mai neman allura, a gaban direbobi, don wani makiyayi ya koya min aikina? Na ce ba a duba mota a tsugune, ba wanda ke tuƙa ta a tsugune. Bai yi musu ba. Ya ce shi dai abin da ya gani ke nan, in kuma na ce ya ɗauka haka zai ɗauka. Da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi. Na ce ya bar ta. Maikuɗi ya ɗaga yatsa ɗaya sama, wato fesa ɗaya ta tafi, na ji kamar in fesa masa baƙi a fuska.

Tunda an ce duhu, ai maganin duhu haske. Na raba sauran fentin gida biyu, na ajiye rabi, rabin na ƙara masa ruwan azurfa da ɗan fari. Na sake kwance ƙofa, na sake kwantar da ita kan duro, na goge aikin kwana uku da hannuna ina zage-zage. Na zagi mai haɗa fenti. Na zagi tina da ake tsinka fenti da ita, na ce an tsarma mata kananzir. Na zagi kwamfiresa, injin iskar fesa, da ke tara ruwa a ciki, na zagi janareto da ke numfashi sama-sama, na zagi damina da ta ƙi tafiya ta bar iska ta bushe. Na zagi shanun da suka ja amalanken har kakanninsu. Mutum ɗaya ne ban zaga ba, shi ne mai riƙe da bindigar.

Ta biyu ta fi ta farko muni, kuma ba sai an kira Modibbo ba. Muna ɗaura ta, Binta mai ƙosai da ke tsallaken hanya ta ɗaga murya ta tambaya ko sabon yayi ne a yi wa mota ƙofa ɗaya fara. Na so in ɓoye, in ce gwaji ne ba fesa ba, amma Maikuɗi ya riga ya baza labari. Modibbo ya zo da safe, ya tsuguna a wurinsa na rannan, ya ce abin mamaki, in an dube ta ta gaba ta yi haske, ta gefe kuma duhun na nan bai motsa ba. Ya faɗe shi a hankali, kamar mai ba da labarin rashin lafiyar wani. Sai ya ce in na yarda a bar maganar rantsuwa, shi bai riƙe ta ba. Na ce ba da shi na yi ba, da Allah na yi. Maikuɗi bai ɗaga yatsa ba wannan karon. Shi ma ya fara gane wasan ya wuce wasa, don in na rufe rumfa, lotsarsa wa zai rufe?

Ranar ban ci abincin kirki ba. Tabawa ta ajiye min tuwo bayan la'asar ta zauna nesa kaɗan tana tsince wake. Da farko tsokana ta fara, wai ta ji ana neman mai fentin akwatin amare, ko za ta kai sunana. Sai ta ajiye faifan ta ce ita fa tsoro take ji, gidan nan kaf bakin bindigar nan yake kallo, kuma shekaruna sun wuce na koyon wata sana'a. Na ce na sani. Sannan ta tambayi abin da ya ƙarasa ni.

"Baban Hasana, kai ka tsuguna ka duba abin da yaka hwaɗi?"

Na ce har da ke? Na ture kwano na fita. Gaskiya ita ce tsoro nake ji, kuma ba tsoron kunyar tsuguno ba. Ina tsoron in tsuguna in ga babu komai, in san dattijon ya raina min hankali, ina kuma tsoron in tsuguna in gani.

Kwana huɗu motar na rumfata ban taɓa ta ba. Faruk ya zo sau biyu ya gaishe ni ya koma, amma na san kowace rana tana tsaye iyalinsa ne ke ji a jika. Saura fesa ɗaya gare ni a duniya, ban kuma san me zan canza ba. Haske na ƙara, bai yi ba. In na ƙara duhu, Binta mai ƙosai za ta sake samun abin faɗa. Ranar kasuwa na kasa zama, na nufi kara da niyyar in yi wa Modibbo tas. Na tsara maganata tun a hanya: ya faɗa min launin da yake so da baki, ja ko rawaya ko shuɗi, ya daina kashe ni da duhu, duhu.

Na same shi a gindin wata bishiyar bedi, kusa da wata saniya da ɗan maraƙinta. Na zazzage masa duk abin da na zo da shi, har da ƙari. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce shi fa bai taɓa cewa launin ba daidai ba ne. Tun na farko launin daidai yake. Na ce to me ya hana ta hawa, aljanu?

"Ni ban san henti ba," in ji shi. "Gashi nas sani. Zo ka gani."

Ya kama maraƙin ya juya shi wajen rana. Jan maraƙi ne, launinsa ɗaya tun daga wuya har gindi, sai wani wuri a kafaɗa kamar tafin hannu da ya yi duhu. Ya tambaye ni ko tabo ne. Na ce tabo ne mana. Ya sa hannu ya shafe wurin sau biyu, tabon ya ɓace. Ya ce nan ne uwar ta lasa yanzu, ta kwantar da gashin ta wata fuska. Gashin bai canza ba, kwanciyarsa ce ta canza, rana kuma kwanciya take bi. Ya sake shafa shi baibai, duhun ya dawo. Ya ce shi abin da yake gani a motar ke nan, ƙyallin da ke cikin sauran jikinta ya kwanta ta fuska ɗaya, na ƙofata ya kwanta ta wata.

Na buɗe baki zan ce fenti ba shi da gashi, sai na tuna ɓarɓashin ƙarfen nan. Na rufe bakina.

"Lokacin da kah hesa ta, tsaye take ko kwance?"

Na ce kwance, kamar kowace ƙofa da na taɓa fesawa, kamar yadda maigidana ya yi har ya koma ga Allah. Ya ce Allah ya jiƙan maigidana. Ya ce shi dai bai taɓa sayen saniya a kwance ba, sai an tashe ta, don a tsaye za ta yi rayuwarta.

Ban gode masa ba, kada in yi muku ƙarya. Haushi ne ya cika ni, irin haushin da kake ji in an nuna maka makullin da kake nema a hannunka. Fenti a kwance yana daɗewa da danshi, ɓarɓashin na samun lokaci ya nutse ya baje yadda ya ga dama. A tsaye kuwa ba haka zai zauna ba. Wannan abu ne da ya kamata in sani tun kafin a haifi Faruk. Na juya zan tafi, sai na tsaya na tambaye shi me ya sa ya damu haka, ƙofar baya ce fa, fasinja ne ke buga ta. Ya daɗe yana sosa wa maraƙin kunne. Ya ce a garkensa akwai wata saniya da suke kira Ole, jikar jikar wadda Innarsa ta ba shi yana yaro. Ranar da suka je sayen mota akwai waɗanda suka fi wannan lafiya, Faruk har ya yi fushi, amma shi da ya hango wannan a rana bai ƙara kallon sauran ba. Launin Ole ne sak. Ya ce ya san mota ce, ba yaro ba ne shi. Amma da safe in ya fito alwala ya gan ta a ƙofar gida, yakan ji sanyi a ransa.

Na koma rumfa na mirgina duro biyun nan waje. Na goge ƙofar har ƙasa karo na uku, na ɗaura ta a jikin mota, na rufe gilashi da tayoyi da takarda. Na ɗauko rabin fentin farko da na ajiye, wanda ban lalata da hikimata ba. Na zubar da ruwan kwamfiresa, na jira hantsi ya ɗaga iska ta bushe. Shekara ashirin da shida ina gudun hawayen fenti, yau ga ni ina fesa ƙofa a tsaye, kuma in ya zuba sau ɗaya shi ke nan. Na ja baya kaɗan, na yi shafi marar kauri, na jira, na sake, na jira. Na bar bakin feshin ya ɗan shiga ƙofar gaba da kuma ƙugun mota ta baya, yana raguwa yana raguwa har ya ɓace, don kada ido ya sami layin da zai tsaya a kai. Bai zuba ba. Da na ajiye bindiga rigata ta jiƙe sharkaf, ban ma san Maikuɗi na tsaye a bayana ba sai da na ji ya sauke numfashi.

Safiyar da Modibbo zai zo, mutanen da suka taru sun fi na ɗaurin auren wasu. Direbobi, masu faci, 'yan kamasho, har Binta ta bar kaskonta. Ya zo a lokacinsa, ya gaisa da kowa ɗaya bayan ɗaya. Ya je bayan mota ya tsuguna. Wannan karon ya daɗe. Ya matsa hagu kaɗan, ya karkata kai, ya dawo. Ya miƙe da taimakon sanda, ya zo ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙofar ya bar shi a nan.

"Ta ishe ni," ya ce.

Wuri ya kaure. Maikuɗi ya rungume ni yana cewa shi dama ya sani, munafuki. Wani ya ce Yakubu ya kayar da Fulani, wani ya ce a kawo shayi. Na yi dariya tare da su, na ji nauyi ya sauka daga wuyana. Faruk ya shiga neman makulli. Kowa ya juya yana ba wani labarin abin da dukansu suka gani. Ni kuwa ƙafata ce ta ɗauke ni, ban shirya ba. Na ga kaina a bayan mota, daidai inda sawun takalmin Modibbo yake, na tattare riga na tsuguna.

Ban taɓa ganin mota haka ba. Hasken safe ya kwanta a gefenta tun daga fitilar baya har hanci, kowane ɓangare yana mayar da shi. Ƙofata ta yi kusa. Wallahi ta yi kusa ƙwarai, in ka ƙifta ido sai ka rasa wurin. Amma yana nan. Wani ɗan duhu a tsakiyarta, kamar inda ruwa ya bushe a jikin riga. Na rufe ido na buɗe, yana nan.

Na ɗaga kai na ga Modibbo na kallona. Bai kawar da ido ba, ni ma ban kawar ba. Ya matso ya rage murya yadda ba mai ji sai ni, ya ce ita ma Ole, ɓarin da take kwanciya a kai ya ɗan fi ɗayan duhu. Ya shiga gaba, Faruk ya ja, suka tafi.

Da na tashi a lokacin, da labarin ya ƙare da daɗi. Amma gwiwata ta riƙe, na ɗan jima a tsugune, kuma da motar Modibbo ta kauce sai idona ya faɗa kan abin da ke bayanta. Motar Maikuɗi ce, ruwan azurfa, shaidata, tana fake inda take fakewa kullum, rana na dukan gefenta. Ƙofar direba baƙa ce. Ba ɗan duhu ba, ba kusa ba. Kamar an aro ta daga wata mota an ɗaura. Shekara tara tana nan a gabana, ina jan baƙi ina cika baki, ashe duk wanda ya sunkuya ɗaure takalmi da safe zai iya gani.

Tun daga ranar idona ya lalace, ko in ce ya gyaru, ban san wanne ba. Yanzu ba sai na tsuguna ba, in na ɗan karkata kai ya isa. Hanyar zuwa rumfa da safe ta zame min azaba. Motar mai burodi ta wuce, ƙofata ce. Motar limaminmu, ƙofofi biyu, duka nawa. Wata daga Anka da na yi wa ƙofar gaba har mai ita ya kawo min zabi don murna, na hango ta a gidan mai na kawar da kai. Masu su suna ɗaga min hannu suna danna oda, ni ina amsawa. Ba wanda ya kawo ƙara. Ba wanda ya gani. Wannan ne ma ya fi ƙona min rai.

Saura maganar rantsuwa. A wurin mutanen tasha na fita, tunda Modibbo ya karɓi mota. Amma ni na ce in ba ta hau ba, kuma na tsuguna na gani da idona. Na kwana biyu ina juya abin, sannan na je na tambayi malami, ya ce ko dai in ajiye bindiga ko in yi kaffara. Bindiga kam ba zan ajiye ba, ba yanzu da na fara sanin yadda ake riƙe ta ba. Na sayo shinkafa da wake na ce wa Tabawa ta dafa na mutum goma, a kai wa mabukata. Ta dubi buhun, ta dube ni, ta ce ba an ce ta hau ba? Na ce an ce. Sai ta tambaya ko na tsuguna. Na ce ta dafa abinci ta bar ni. Na ga bakinta yana motsi kamar mai danne dariya lokacin da ta juya wajen murhu.

Washegari na sami Maikuɗi yana shan koko a kan ɗaya daga cikin duron da na jefar, ya riga ya mayar da su kujeru. Na ce ya kwashe tarkacensa daga cikin mota ya turo min ita rumfa. Ya ce wace mota? Na ce tasa. Ya waiga ya dube ta, tana sheƙi a idonsa kamar kullum.

"Mi yas same ta?"

"Babu komi," na ce. "Turo ta dai."